Wa Ya Toshe Saƙon Ɗakin Gwaji?

Ranar da hukumar lafiya ta garƙame kamfanin ruwan gora, ma'aikata sun kasa tafiya gida. Suka yi cirko-cirko a harabar, wasu a tsaye, wasu zaune kan akwatunan goruna, suna kallon kwaɗon da aka rataya a ƙofar ɗakin injina. Yaran makarantar da ke bayan layi suna kwance a asibiti, amai da gudawa sun galabaitar da su, kuma ruwan kamfanin aka samu a jakunkunansu.

Abin da ya fi ɗaure wa kowa kai shi ne maganar ɗakin gwaji. Duk wata kamfanin yakan aika musu da ruwa su auna. Sun ce sun ga ƙwayoyin cuta tun da daɗewa, sun turo gargaɗi ta imel, sun sake turowa, sun kuma sakewa. Kamfani kuwa ya rantse ko layi ɗaya bai gani ba. Aka duba, aka tarar duka biyun gaskiya suka faɗa. Saƙonnin sun iso har cikin na'urar da ke karɓar imel ɗin kamfanin, wadda suke kira saba, daga nan suka ɓace. Wani ne ya tare su a hanya.

A kan haka Maigida, mai kamfanin, ya sa aka kira Mai Sawu.

Mace ce da ta haura arba'in, ba ta da yawan magana, tana ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Ta daɗe a kamfanin waya tana bin diddigin 'yan damfara kafin ta koma zaman kanta, a can ta samo sunan. Tana shiga harabar aka yi mata caa.

"Injiniyan kwamfutar nan ne, Malama, kada ki wahalar da kanki."

"Sayen sa aka yi. Masu kamfanin ƙetaren titi ne suka saye shi."

"Kai dai ka yi shiru, wa ya ga an saye shi? Ni Manaja nake zargi."

Ta ratsa su ta wuce.

Maigida yana zaune a ofishinsa, dattijo mai faɗin kafaɗa wanda ciwo ya rage wa jiki. Idanunsa sun yi hazo, sai da ta yi sallama ya juyo daidai inda take.

"'Yata, yaran nan da ke kwance jikokin maƙwabtana ne," in ji shi. "Sufeton 'yan sanda ya ce idan ba a samu wani bayani ba, gobe zai wuce da Injiniya. Idan shi ne, a tafi da shi. Idan ba shi ba ne, ba na son alhakinsa ya ƙaru a kan wanda na riga na ɗauka. Ki gano mini wanda ya yi wannan abu, ko da daga cikina ya fito."

*

Ɗakin sabar ɗan ƙuƙut ne a ƙarƙashin matakala, da fanka guda tana kaɗa zafi daga wannan bango zuwa wancan. A nan ta tarar da Injiniya, siririn mutum mai tabarau, rigarsa ta jiƙe da gumi. Sufeto na tsaye a kansa da biro a hannu.

"Na gaya maka, ranka ya daɗe, matata ce ta haɗiye su," Injiniya ke cewa.

Sufeto ya rubuta, sannan ya ɗago. "Ita matar taka a nan take aiki?"

"Wace mata? Ko aure ban yi ba. Matatar saƙo nake nufi, abin da ke tace imel."

Sufeto ya soke abin da ya rubuta, fuska a murtuke. Mai Sawu ta danne dariyarta, ta jawo kujera ta ce wa Injiniya ya yi mata bayani tun daga farko.

Ya ce kafin ya zo, tarkacen saƙonni sun hana kowa sakat a kamfanin. Tallan maganin ƙarfi, masu cewa ka ci gasar da ba ka shiga ba, masu neman lambar asusu, kullum sai an wayi gari akwati ya cika maƙil. Shi ya kafa matatar. Duk saƙon da ya shigo sai ta duba shi, idan ta ga wata kalma da aka haramta sai ta jefa shi kwandon shara. A can yake zama wata guda kafin ya goge, ko da an yi kuskure.

"To mu duba kwandon," in ji ta.

"Shi ne abin da ya kashe ni, Malama. Babu komai a ciki. Wani yana share shi da hannu kowace safiya. Ni kuwa ba kullum nake zuwa ba, in ma na zo sai bayan azahar."

"Adireshin ɗakin gwaji yana cikin waɗanda aka haramta?"

"Ba ya ciki. Na duba har idona ya yi ja."

"Wa ke iya ƙara kalma a matatar?"

Ya sunkuyar da kai, ya ɗaga allon rubutun kwamfutar. Ga kalmar sirri nan a manne a ƙasa, da babban rubutu.

"Damuna suke yi da waya ko ina wanka, wai ga wani talla ya sake shigowa. Sai na koya wa mutanen sama yadda za su riƙa ƙarawa da kansu. Na san ban kyauta ba."

Ta buɗe jerin kalmomin. Dubbai ne, shekara da shekaru ana tarawa, sunayen magunguna, zagi, lambobi, har da wani abu mai kama da girkin miya. Tsohuwar manhaja ce kuma, ba ta faɗin dalilin da ya sa ta jefar da saƙo, sai dai ta ce ta jefar. Mai Sawu ta yi tagumi. Ta saba bin ɓarawon da ke ɓoye sawunsa. Wannan karon sawun ne ya yi yawa, kowa ya taka wurin.

*

Manaja shi ne babban ɗan Maigida. Ta same shi a ofishinsa yana amsa waya biyu a lokaci guda, yana ba wannan haƙuri yana yi wa wancan tsawa. Da ya ajiye, ta tambaye shi kai tsaye.

"Yaushe rabon da ka taɓa matatar?"

Nan take fuskarsa ta sauya. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya rage murya.

"Wa ya gaya miki? Na san wa'adinta ya wuce. Na yi niyyar canza ta bayan an gama lodin manyan motoci, sai abu ya bi abu. Amma Baba bai sani ba. Don Allah ki bar ni in gaya masa da bakina."

Sai da ta ɗan yi jim kafin ta gane matatar ruwa yake nufi. Ba abin da ta zo nema ba ne, amma ta karɓa.

"Ke nan kana da dalilin da zai sa ka ɓoye gargaɗin."

"Da na gan shi, da a ranar zan tsayar da injin. 'Ya'yana ma wannan ruwan suke sha."

"Wata da watanni babu sakamako daga ɗakin gwaji, ba ka tambaya ba?"

Ya shafa ƙeya. "Na ɗauka shirun alheri ne."

"Kana zuwa da sassafe?"

"Ni ke buɗe ɗakin injina."

"Ka san kalmar sirrin?"

"Wa bai san ta ba?"

Ta fito tana jin ta kama bakin zaren. Ga dalili, ga dama, ga zuwan safe. Amma kafin ta kai ƙarshen baranda zaren ya suɓuce mata. Idan Manaja ne, me zai hana shi toshe adireshin ɗakin gwajin kawai? Kuma mutumin da ya tona wa kansa asiri a kan tambayar da ba a yi masa ba, anya zai iya riƙe wannan a cikinsa wata da watanni?

*

Gwaggo ƙanwar Maigida ce, ita ke riƙe da lissafin kamfanin tun yana ɗaki ɗaya da famfo ɗaya. Kowa Gwaggo yake ce mata, har direbobin da suka girme ta. Ta zuba wa Mai Sawu shayi, ta tura mata kujera mai laushi saboda ƙafarta.

"Zauna, 'yar nan. Tun safe nake ganin ki kina hawa kina sauka."

Mai Sawu ta tambaye ta ko tana ƙara kalmomi a matatar. Ta ce tana yi mana, masu tallan nan marasa kunya ai sun ishe ta. Ta tambaye ta ko tana zargin wani. Ta ce ita ba ta zargin kowa, Injiniya yaron kirki ne, Manaja kuma garaje ne kawai ke damun sa.

"An ce shekara ashirin da biyar kina nan," in ji Mai Sawu.

"Da shida," Gwaggo ta gyara mata tun kafin ta rufe baki. Sai ta yi murmushi. "Ki yi haƙuri, ciwona ke nan. Ba na iya jin lamba a karkace in yi shiru. Yaya yakan ce ko a mafarki aka yi kuskuren lissafi sai na farka na gyara."

A bangon bayanta akwai hoton iyali. Maigida a tsakiya, Manaja a dama, a hagu kuma wani matashi mai kama da su.

"Wannan fa?"

"Autan Yaya ne. Ba ya nan." Ta ɗauki butar shayi. "In ƙara miki?"

A bakin matakala wata mai wanke goruna ta ja Mai Sawu gefe ta ƙarasa mata labarin. Auta ya yi karatun kimiyya, ya dawo ya ce injinan gidan sun tsufa, a tsaya a gyara. Suka yi kaca-kaca da uban a gaban ma'aikata. Maigida ya ce kada ya sake taka masa kamfani, ya kuma gargaɗi masu gadi. Ba a jima ba ciwon zuciya ya kwantar da tsohon a asibiti.

"Ni dai na ce shi ne," in ji matar. "Yana can yana rama abin da aka yi masa. Ai 'yan boko daga nesa ma suna iya shiga kwamfuta."

Mai Sawu ta koma ƙarƙashin matakala kanta ya ƙara kullewa. Da safe mutum ɗaya ne a hannun Sufeto, yanzu waɗanda ake zargi sun zama uku, ga kuma masu kamfanin ƙetaren titi da ba ta ma je wurinsu ba.

*

Da ta ga tambayar mutane ba ta kai ta ko'ina ba, sai ta ce bari ta tambayi matatar da kanta. Ta sa Sufeto ya karɓo mata kwafin gargaɗin daga ɗakin gwaji. Ta tura shi zuwa kamfanin daga nata adireshin. Ya faɗa kwandon shara.

"Kin gani," in ji Injiniya. "Ba adireshin ba ne. Wani abu ne a cikin saƙon."

Ta zaci kalmar "ƙwayoyin cuta" ce, ko "gargaɗi", abin da mai son ɓoye laifi zai haramta. Ta tura su su kaɗai, suka wuce lafiya lau. Ta tura sunan ɗakin gwajin, ya wuce. Ta raba saƙon biyu. Rabin sama, inda duk mugun labarin yake, ya shiga akwati ba gardama. Rabin ƙasa, inda babu komai sai gaisuwa da sa hannu, shi ya faɗa shara.

"Wannan wane irin abu ne?" in ji Sufeto. "Mutum ya bar laifin ya wuce, ya tare gaisuwa?"

Ta ci gaba da yanka rabin ƙasan tana turawa, layi bayan layi, har ya rage saura abu ɗaya: lambar wayar da ke ƙarƙashin sa hannun ma'aikacin da ya yi gwajin. Ta tura ta ita kaɗai. Ta faɗa shara.

Suka nemo ta a cikin jerin, ga ta nan tsakanin sunan wani man shafawa da wata kalmar batsa. Ranar da aka saka ta kuwa ta girmi gargaɗin farko da watanni masu yawa. Injiniya ya ƙura wa ranar ido.

"Lokacin Baba yana asibiti ke nan," ya ce a hankali. "Lokacin ruwan ma lafiyarsa ƙalau."

Mai Sawu ta jingina da bango. Wato wanda ya yi wannan ya toshe gargaɗin tun kafin a san za a rubuta shi. Ta duba sunan mai sa hannun, ta duba sunan da ke kan allon kamfanin, ta ga sunan mahaifinsa ne a kan allon, sai ta ciro wayarta ta buga lambar.

*

Auta ya ce ta same shi a bakin ɗakin gwaji lokacin cin abinci. Ya fito da farar rigar aiki, idanunsa sun faɗa kamar wanda bai samu barci ba.

"Ni na auna ruwan," in ji shi. "Ban daɗe da fara aiki a nan ba. Ranar da na ga gorar gidanmu a kan teburina na so in ce a ba wani, sai na ga ai aiki aiki ne. Da sakamakon ya fito, nan take na tura gargaɗi."

"Ba ka kira su ba?"

"Na kira Yayana. Yana jin muryata ya kashe. Na je ƙofar kamfani, masu gadi suka ce in rufa musu asiri, aikinsu za su rasa. Na bar saƙo a wurinsu, ban san inda ya tsaya ba. Daga ƙarshe shugabana ya kai wa hukuma, amma kafin takarda ta bi ofis-ofis yaran sun riga sun sha."

"Wannan lambar, tun yaushe kake da ita?"

"Bayan na bar gida na saye ta. Tsohuwar ta kamfani ce, an karɓe."

"Wa ka ba?"

"Babu kowa. Sai dai duk imel ɗin da na rubuta wa Baba nakan sa ta a ƙasa, in ce ga lambata idan ya huce." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. "Na farkon ba na neman sulhu ba ne, gaskiya. Na faɗi maganganun da bai kamata ɗa ya faɗa wa uba ba. Ban san yana asibiti ba a lokacin. Da na ji, na yi ta rubuta masa ban haƙuri. Na ga shiru, na ce ko ya toshe adireshina ne, na buɗe wani, na sake buɗe wani. Har yau ko harafi."

A hanyar komawa Mai Sawu ta yi ta juya maganar. Adireshi yana canzawa, lamba ba ta canzawa, shi ya sa aka toshe lambar. Zuciyarta ta fara raya mata abin da ba ta so: kada dai wanda ya ɗauke ta aikin shi ne mai aikin.

Ta shiga wurin Maigida ba tare da dogon zance ba.

"Baba, Auta ya taɓa rubuto maka tun da ya tafi?"

Tsohon ya girgiza kai. "Ko sau ɗaya," ya ce. "Ina kwance tsakanin rai da mutuwa, yaron nan bai ce mini sannu ba. Kullum da safe sai na tambaya ko akwai wani abu daga wurinsa."

"Wa kake tambaya?"

"Mai karanta mini. Kin ga idanun nan, rabona da karanta rubutun kwamfuta tun kafin ciwon."

Ya faɗi ko wace ce. Mai Sawu ta yi masa godiya, ta ce a tara mata kowa da la'asar.

*

Aka taru a ofishin Maigida. Shi yana bayan teburinsa, Manaja a tsaye jikin taga, Gwaggo a kujerar kusa da yayanta, Injiniya a rakuɓe kusa da ƙofa, Sufeto a gefensa. Ma'aikata sun cika baranda suna leƙe.

Mai Sawu ta fara da Injiniya. Ta ce ya yi sakaci da ya manna kalmar sirri inda kowa zai gani, amma ba shi ya tare saƙon ba. Ta juya ta zuba wa Manaja ido. Ya gane, ya matso ya durƙusa gaban uban ya faɗi maganar matatar ruwa da bakinsa. Maigida ya damƙe gefen tebur.

"To shi ne ke nan," in ji Sufeto, ya buɗe littafinsa.

"Shi ya bar ruwan ya ɓaci. Wanda ya tare gargaɗin daban ne, kuma ba gargaɗin ya yi niyyar tarewa ba."

"Malama, kin ƙara rikita ni."

"Ni ma na daɗe a rikice. Abin da aka haramta a matatar lambar waya ce guda ɗaya. Bari in karanto, ko wani ya san mai ita."

Ta ɗaga takarda ta fara karantawa a hankali, lamba bayan lamba, tana duban fuskoki. Manaja ya yamutsa goshi, bai gane ta ba. Maigida ya karkata kunne, babu alamar ya taɓa jin ta. Da ta zo ta ƙarshe sai ta ce, "Tara."

"Bakwai," in ji Gwaggo.

 Gwaggo ta kai hannu bakinta, amma maganar ta riga ta fita.

"Bakwai ce, Gwaggo," in ji Mai Sawu a hankali. "Lambar Auta ce. Bai ba kowa ita ba, sai a ƙasan saƙonnin da yake turo wa Baba. Ke kaɗai ke buɗe akwatin Baba."

Maigida ya juya wajen ƙanwarsa. "Saƙonni? Waɗanne saƙonni?"

Gwaggo ba ta yi musu ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta gyara zaman mayafinta, ta yi magana tana kallon ƙasa.

"Yaya, ranar da na farkon ya zo kana kwance da robobi a hanci. Likita ya ja ni gefe ya ce ko ƙaramin ɓacin rai zai iya tafiya da kai. Na buɗe saƙon na ga abin da yaron nan ya rubuta, na ce wallahi ba zan karanta maka wannan ba. Na toshe adireshinsa. Ya buɗe wani, na toshe. Da na gaji sai na sa lambar. Ban san za ta shafi akwatin kowa ba, na ɗauka naka ne kawai. Kullum da safe nakan share kwandon don kada Injiniya ya gani ya kawo maka."

"Sauran saƙonnin fa? Me ya ce a ciki?"

"Ban buɗe ba. Na farkon ya ishe ni."

"Haƙuri yake ba ka, Baba," in ji Mai Sawu. "Duk sauran ban haƙuri ne."

Tsohon ya rufe idanunsa.

Sufeto ya gyara murya. "Na ɗakin gwajin fa, Hajiya? Kin gan su a kwandon?"

Nan ne muryarta ta karye. "Na gani. Na ga sunan ɗakin gwaji a sama, na ga sunansa a ƙasa. Ban san ya samu aiki a can ba. Na ce wato yanzu dabarar da ya ɓullo da ita ke nan, ya ari sunan mutane don a buɗe. Har haushi na ji. Na goge." Ta ɗago ta dubi Mai Sawu. "Akwai wanda aka rubuta 'gaggawa' a kansa. Na ɗora yatsa zan buɗe, sai aka kira ni a waya. Da na dawo na goge shi tare da sauran."

 

Sufeto ya dubi littafinsa, ya dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya. "To ni yanzu sunan wa zan rubuta?"

"Rubuta nawa," in ji Maigida. "Ni na kori wanda ya gaya mini gaskiya, ni na sa masu gadi su tare shi."

"A'a, Yaya." Gwaggo ta miƙe ta ɗauki jakarta. "Kai ka kore shi, wannan tsakaninka da shi ne. Amma hannun da ya goge gargaɗin nawa ne. Sufeto, mu je in ba da bayanina. Sai dai ina roƙon ka mu bi ta asibiti tukuna, ina son in ga iyayen yaran nan da idona."

Manaja ya tashi daga durƙuson da yake, ya karɓi jakar daga hannunta. "Tare za mu, Gwaggo. Nawa bayanin ya fi naki tsawo."

Ma'aikata suka dare suka ba su hanya. Matar nan mai wanke goruna ta bi su da kallo baki buɗe, ta rasa wanda za ta zarga.

*

Injiniya ya sauka ya cire lambar daga matatar, ya ɓare takardar da ke ƙarƙashin allon rubutu ya yayyaga. Ya tambayi Mai Sawu ko za a iya dawo da saƙonnin da aka goge. Ta ce na ɗakin gwaji akwai kwafinsu, na Auta kuwa sai dai a wurin mai su.

Ta koma sama yin sallama. Maigida yana nan inda aka bar shi, wayarsa a hannu, yana shafa fuskarta da babban yatsa.

"'Yata, ba na ganin lambobin nan," ya ce. "Ki taimaka."

Ta karɓa ta danna masa, ta mayar da wayar cikin tafinsa, ta kai hannun nasa kunne. Tana jin ƙarar shigar kiran ta juya ta nufi ƙofa. An ɗauka kafin ta kai.

"Ɗakin gwaji, da wa nake magana?"

Tsohon ya gyara riƙon wayar. 

"Ni ne," ya ce. "An ce ka rubuto. Ba a karanta mini ba. Idan kana da lokaci, ka faɗa mini da bakinka, tun daga na farkon."

Mai Sawu ta ja ƙofar a hankali ta rufe, ta kama ƙarfen matakala ta fara sauka.